Sau uku Mário Palma ya hana Najeriya kofin Afirka: gwanintarsa ce ko gadon 'yan wasa ya ci?

Kocin Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni malamin makaranta ne, kuma bayan la'asar nakan horar da ɗalibanmu ƙwallon kwando a wani filin siminti da ke bayan ajujuwa, wanda ƙarfen kwandonsa na gabas ya sunkuya tun bara, har yaran suka ɗauki al'adar cewa duk wanda ya iya zurawa a wannan ɓangaren, to ya iya ke nan. Na faɗi wannan ne don a san cewa mai koyo ne yake tambaya, ba masani ba.

Abin da ya kawo ni shi ne wani Baturen Fotugal mai suna Mário Palma. A watan Satumba na 2017 na kalli wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta ƙasashen Afirka, wato AfroBasket, a wani gidan kallo na unguwarmu, bayan na roƙi mai gidan ya juya mana talabijin ɗaya daga cikin ukun da yake da su, kuma mu huɗu kacal muka zauna gabanta yayin da sauran jama'a suke can suna ihu a kan ƙwallon ƙafar Turai. Tunisiya ta doke D'Tigers, tawagar Najeriya, da maki 77 da 65 a garin Rades na Tunisiya, na fito raina a ɓace, ban ko kula da dattijon da yake tsaye a gefen fili yana ba Larabawan umarni ba. Sai kwanan nan, da nake bibiyar tarihin gasar don in karanta wa ɗalibaina, na gano abin da ya ɗaure mini kai. Najeriya ta kai wasan ƙarshe na wannan gasa ta maza sau biyar, a 1997 da 1999 da 2003 da 2015 da 2017, ta ci sau ɗaya, ta faɗi sau huɗu, kuma a uku daga cikin faɗuwar huɗun mutum ɗaya ne yake zaune a kujerar kocin abokan karawa: sau biyu da Angola, sau ɗaya da Tunisiya.

Tambayata ga waɗanda suka riga ni ganin wannan wasa ita ce, wane ne wannan mutum, ta ina ya biyo kafin ya zo Afirka, kuma shin akwai wani abu da ya sani wanda sauran masu horarwa ba su sani ba, ko kuwa dai yana da sa'ar da duk inda ya je yakan tarar an riga an dafa an kwashe, shi nasa kawai ya wanke hannu? Ina tambaya ne da gaske, domin idan gwaninta ce akwai abin da ni ma zan ɗauka in kai wa yarana, idan kuwa sa'a ce sai in haƙura in daina wahalar da kaina.

Tsohon Ɗan Wasa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana Malam. Allah ya yi wa aikinka albarka, domin wanda yake tsayawa a rana da yaran mutane ba tare da an biya shi ba, shi ne tushen duk wani kofi da za a ɗaga nan gaba. Na buga wannan wasa a ƙuruciyata, na kuma bi shi da ido shekaru masu yawa bayan gwiwoyi sun ƙi, saboda haka bari in faɗa maka abin da na riƙe.

An haifi Palma a 1950 a Gini-Bisau, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Fotugal, don haka Afirka ba baƙon wuri ba ce gare shi ko da yake a Fotugal ya yi babban suna. Sunan ya yi shi ne a Benfica ta birnin Lisbon. Mutanenmu sun san Benfica da ƙwallon ƙafa, amma kulob ne mai sassa da yawa, kuma sashensa na ƙwallon kwando ya ci gasar Fotugal sau bakwai a jere daga 1989 zuwa 1995, biyar na ƙarshe a hannun Palma. Ka lura da wannan tun yanzu, domin zai dawo a maganarmu: bai tarar da Benfica a kwance ba, ya karɓe ta tana riƙe da kambu, abin da ya yi shi ne ya hana kambun zamewa shekara biyar, ya kuma shiga da ita cikin manyan kulob na Turai suka fafata. Tauraron ƙungiyar shi ne Carlos Lisboa, gwanin jefawa daga nesa, wanda har yau Turawan Fotugal da yawa suke ɗauka a matsayin ɗan wasansu mafi girma a wancan zamani. Amma wanda ya fi shafar tambayarka shi ne Jean-Jacques Conceição, ɗan Angola, wanda ya yi shekaru a Benfica yana tsare ƙarƙashin kwando, tare da wani ɗan ƙasarsu José Carlos Guimarães. Ke nan tun kafin Palma ya karɓi tawagar Angola ya yi shekaru yana ganin babban ɗan wasanta safe da yamma, ya san halinsa, ya san abin da yake fusata shi da abin da yake kwantar masa da hankali, kuma harshe ɗaya suke yi.

Daga nan sai Angola. Ya ci kofin Afirka da ita sau huɗu a jere: a 1999 a gida, inda suka doke mu a wasan ƙarshe, a 2001 a Maroko inda suka doke Aljeriya, a 2003 a Iskandariyya ta Masar inda suka sake doke mu, wannan karon da tazara mai faɗi, sai 2005 a Aljeriya inda suka doke Senegal, mu muka zo na uku. Ya kai su gasar Olamfik ta Sidni a 2000 da ta Atens a 2004, da gasar duniya ta 2002 a Amurka.

To a nan ne abin da kake nema yake, a ganina. Palma bai zauna a Lisbon yana jiran a kira shi idan gasa ta matso ba. A Luanda ya zauna, yana horar da Primeiro de Agosto, kulob ɗin sojojin Angola, ya kuma ci gasar ƙasar da shi. A Angola manyan kulob suna da iyayen gida masu kuɗi: Primeiro de Agosto na soja ne, Petro de Luanda yana jingine da kamfanin man fetur na ƙasa, Interclube na 'yan sanda ne. Saboda suna biyan albashi mai tsoka, yawancin gwanayen ƙasar ba su da dalilin fita waje, ko da yake akwai 'yan kaɗan da suka fita. Sai ya zama wani kaso mai yawa na tawagar ƙasa yana hannun Palma kullum a kulob, sauran kuma yana karawa da su duk kakar wasa, ya san hannun da kowa ya fi so da kusurwar da kowa yake tsoro. Idan aka kira sansanin tawagar ƙasa, ba gabatar da juna ake yi ba, ci gaba ake yi daga inda aka tsaya jiya.

Na taɓa samun kaset na ɗaya daga cikin wasanninsu na wancan lokaci, muka zauna da abokaina muna mayar da shi baya muna sake kallo har hoton ya fara rawa. Ba su fi abokan karawarsu tsawo ba, sau da yawa ma su ne gajeru. Amma idan Miguel Lutonda, mai raba ƙwallo na Angola, ya tsallako tsakiyar fili da ƙwallo, kafin ya ɗaga kai mutum huɗu sun riga sun san inda za su tsaya, ya miƙa wa wannan, wannan ya miƙa wa wancan ba tare da ya duba ba, sai ka ga wani a kusurwa shi kaɗai ya ɗaga ya jefa ta maki uku. Idan ƙwallo ta koma hannun abokan karawa kuma, sai su taso musu tun daga nasu ɓangaren, ba a barin mutum ya numfasa. Mu kuwa a shekarun nan muna da dogaye masu ƙarfi da suke wasa a Amurka da Turai, kowannensu gwani ne a kulob ɗinsa, amma sai a tattaro su makonni kaɗan kafin gasa, wani ma sai an fara ya iso. Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam. Wannan shi ne abin da ya ci mu a 1999 da 2003, kuma ban yarda a kira shi sa'a ba.

Mai Bin Diddigi ya amsa:

Baba, ina gaisuwa, kuma ban isa in yi jayayya da abin da idonka ya gani ba. Sai dai ina neman izini in kawo lissafin da yake gefe guda, domin ina tsoron kada Malam ya tashi da tunanin cewa wani Bature ne ya zo ya ƙirƙiro ƙwallon kwandon Angola daga babu.

Kafin 1999 Angola ta riga ta ci kofin Afirka sau huɗu, a 1989 da 1992 da 1993 da 1995, uku na farko a hannun Victorino Cunha, wanda shi ne ya aza harsashin salon nan na gudu da matsin lamba da Baba ya siffanta. Tawagar Cunha ce ta je Olamfik ta Basalona a 1992, inda ta sha kashi a hannun taurarin Amurka da maki 116 da 48 a wasan farko, amma ta juyo ta doke Sifaniya mai masaukin baƙi da tazarar maki 20, abin da Sifaniyawa ba su manta ba har yau. Bayan tafiyar Palma kuma kofin bai daina zuwa Luanda ba: Alberto de Carvalho ya ci a 2007, Luís Magalhães, wani Baturen Fotugal ɗin, ya ci a 2009 a Libiya, Paulo Macedo ya ci a 2013 a Abijan, kuma a 2025 sun sake ɗaga shi a gida, karo na 12. Ƙasar da take cin kofi kafin zuwanka, take ci bayan tafiyarka, a hannun mutane daban-daban, ai ginin ne yake da ƙarfi, ba lalle magini ɗaya ba. Baba da kansa ya faɗa cewa haka abin yake a Benfica, ya tarar an kai gini linta ne ya ɗora rufi.

Sannan a duba inda ya fita daga Afirka. A Sidni a 2000 Angola ce ta 12 cikin ƙasashe 12, a Atens a 2004 ma haka, ba ta ci wasa ko ɗaya ba a duka biyun. A gasar duniya ta 2002 ta ɗan taɓuka, ta doke Kanada ta wuce zagaye na biyu, ta ƙare a matsayi na 11, amma bayan shekara huɗu a Japan, ba tare da shi ba, ta fi haka rawar gani.

Hujjata mafi nauyi ita ce ƙasarsu, Fotugal. An ba shi tawagar Fotugal a 2011, ya kai ta gasar ƙasashen Turai da aka yi a Lituweniya a wannan shekarar ta ƙofar ƙarshe ta neman gurbi, aka haɗa su rukuni ɗaya da Sifaniya da Lituweniya da Turkiyya da Birtaniya da Polan, suka buga wasa biyar suka faɗi biyar. Ya ci gaba da riƙe tawagar wasu shekaru, bai sake kai ta gasar ba. Alhali a 2007, a hannun Valentyn Melnychuk ɗan Yukren, Fotugal ta tsallake rukunin farko. Kuma sai a 2025 ta sake komawa gasar, lokacin da ta sami Neemias Queta, ɗan Fotugal na farko da ya shiga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wanda ya ci kofi da Boston a 2024. Wato da aka sami dogon yaro mai inganci sai ƙofar da ta ƙi buɗuwa ta buɗe. Idan Palma yana da wani sirri da yake mayar da tagulla zinariya, me ya hana shi amfani da shi a gidansu? Ni a nawa karatun, ƙwararren mai kula da dukiya ne, idan ka ba shi garke mai kyau ba zai bari ko ɗaya ta ɓata ba, amma ba shi yake haifar da shanun ba.

Malama Bazazzagiya ta amsa:

Sallama ga kowa. Na karanta bayanin Baba da na ɗan'uwana Mai Bin Diddigi, kuma na ga dukansu sun tsallake wasu shekaru da nake ganin su ne ma'aunin gaskiya, wato shekarun da ya yi a Jodan.

Jodan ba Angola ba ce. Ba ta taɓa cin lambar yabo a gasar ƙasashen Asiya ba, ba ta taɓa zuwa gasar duniya ba, kuma a nahiyar da take akwai Sin da Koriya ta Kudu da Iran da Labanan, kowace ta fi ta tarihi a wannan wasa. Ba harshensa ake yi a can ba, ba kuma wani tsohon ɗan wasansa da zai share masa hanya. A 2009 a birnin Tianjin na ƙasar Sin, Palma ya kai Jodan matsayi na uku bayan Iran da Sin, ya doke Labanan a wasan neman na ukun, wanda shi ne ya ba su tikitin gasar duniya ta 2010 a Turkiyya, karo na farko a tarihinsu. Gaskiya ne yana da 'yan wasa na kirki, Sam Daghlas da Zaid Abbas da Rasheim Wright, Ba'amurken da aka ba takardar zama ɗan ƙasa, amma babu wanda zai ce garken nan an saba ganinsa yana cin kofi kafin zuwansa. A nan babu linta da aka kai, shi ya tayar da bangon. Kuma bayan ya tafi, a 2011, ƙungiyar da ya bari ta kai wasan ƙarshe na Asiya a hannun Tab Baldwin, ta faɗi a hannun Sin da maki ɗaya tal. Idan za mu rage wa Palma lada a Angola saboda ya gaji aikin Cunha, adalci shi ne mu ƙara masa lada a Jodan saboda wani ya gaji nasa.

Akwai wani abin sha'awa a gasar 2010 ɗin. An saka Jodan rukuni ɗaya da Angola a garin Kayseri, tare da Sabiya da Ajantina da Ostireliya da Jamus, sai ga Turawan Fotugal biyu, Palma da Magalhães, sun tsaya a gefen fili ɗaya suna fuskantar juna, a gasar da ƙasarsu ba ta ma samu zuwa ba. Angola ce ta yi nasara, kuma wasu daga cikin waɗanda suka doke shi yaran da suka taso a hannunsa ne. Jodan ta koma gida ba ta ci wasa ba, ko da yake maki ɗaya ne ya raba ta da Ostireliya.

Game da Fotugal, ina ganin ɗan'uwana ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Aikin kocin kulob da na kocin ƙasa sana'a biyu ce da suka yi tarayya a suna. Kocin kulob yana da 'yan wasansa wata tara ko goma, idan ya ga giɓi a ƙarƙashin kwando sai ya je wurin shugabanni a sayo masa dogo daga Amurka ko Angola, idan yaro yana da aibi a jefawa yana da watanni na gyara shi. Kocin ƙasa ba ya saye, abin da ƙasa ta haifa shi zai ɗauka, ƙa'idar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ma baƙo ɗaya kawai ta yarda a saka cikin waɗanda aka ba takardar zama ɗan ƙasa, kuma kwanakin da yake da su ƙidayayyu ne. Benfica ta Palma ta yi ƙarfi ne da 'yan Angola da Amurkawa a ƙarƙashin kwando, tawagar ƙasar Fotugal kuwa ba ta da wannan gata, ga shi rukunin da ta faɗa a 2011 akwai Sifaniya ta Pau Gasol da ƙaninsa Marc, wadda ita ce ta ɗauki kofin a wannan shekarar. Ban ga kocin da zai fitar da su daga wannan ramin ba. Abin da faɗuwar ta nuna shi ne iyakar abin da kowane koci zai iya, ba ƙaryar gwanintarsa ba.

Sai Tunisiya, wadda ita ce ta ɓata wa Malam rai. A can ma hanyar Luanda ya sake bi: ya fara da kulob, Club Africain na birnin Tunis, ya san gasar cikin gida da mutanenta, sannan aka ba shi tawagar ƙasa. Tunisiya ta taɓa cin kofin a 2011 a Madagaska a hannun Adel Tlatli, amma a 2015 da aka yi gasar a gidanta ta tsaya a na uku. Ya tarar da 'yan wasa irin su Makrem Ben Romdhane da Mohamed Hadidane da Mourad El Mabrouk da Radhouane Slimane, waɗanda suka yi shekaru suna wasa tare, ya ɗaure musu tsaron gida tamau, suka gama gasar 2017 ba a doke su ba. Wannan ne kofinsa na biyar na Afirka, da ƙasa ta biyu, shekara 18 bayan na farko. Ni dai sa'ar da take bin mutum daga Lisbon zuwa Luanda zuwa Amman zuwa Tunis tsawon kusan shekara talatin, na fi son in nemo mata wani suna.

Tsohon Ɗan Wasa ya sake amsawa:

Madalla da 'yata, kin tuna mini Jodan da na manta, tsufa ke nan. Kai kuma ɗana Mai Bin Diddigi, ban ƙi maganarka a kan Cunha ba, duk wanda ya ba da tarihin Angola ya bar shi ya yi zalunci. Amma ka tuna cewa a 1997 kofin ya kuɓuce musu, Senegal ta ɗauka a Dakar, kuma manyan 'yan wasan da suka je Basalona sun fara tsufa. Wanda ya karɓi ƙungiya a irin wannan lokaci, ya riƙe Conceição har zuwa 2003 yana amfanar sa, a hankali kuma yana shigo da su Joaquim Gomes da Olímpio Cipriano da Eduardo Mingas da Carlos Morais ba tare da an rasa kofi ko sau ɗaya ba a tsakani, ya yi aikin da ya fi wuya a wannan sana'a, wato sauya jini ana cikin tafiya. Kofunan 2007 da 2009 da kake lissafawa yaran nan ne suka ci su.

Abu ɗaya kuma nake so Malam ya sani game da 2017, don kada ya ɗora wa Palma duk nauyin. A zauren nan na Rades muka ci kofinmu a 2015, muka doke Angola da maki 74 da 65 a hannun Will Voigt, Chamberlain Oguchi ya zama gwarzon gasa. Bayan shekara biyu muka koma kare kambu da kusan sabuwar ƙungiya gaba ɗaya a hannun Alex Nwora, Ike Diogu ne kawai ya rage daga tawagar da ta ci kofin, a shekarar da hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta rabu biyu aka yi zaɓe ɗaya a Kano ɗaya a Abuja. Duk da haka yaran suka fitar da Senegal a wasan kusa da na ƙarshe, Diogu ya zama gwarzon gasa. Suka je suka haɗu da mutanen da suka san juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, a gaban jama'arsu. Kuma mun rama a wani wurin: a gasar duniya ta 2019 a Sin, Tunisiya ta Palma da Najeriya kowace ta ci wasa uku ta faɗi biyu, amma mu muka fi yawan rarar maki, muka ɗauke gurbin Afirka na Olamfik ta Tokiyo bayan mun doke masu masaukin baƙi a wasanmu na ƙarshe.

Kocin Yara ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da Malama, da yayana Mai Bin Diddigi. Na kwafe shekarun nan duka a littafin da nake rubuta sunayen masu zuwa atisaye, domin ranar Asabar in karanta wa yaran kafin mu fara. Ban ce an raba mini gardamar ba, domin maganar Fotugal ta 2011 tana nan tana yi mini yawo a kai, haka ma ta Jodan, kuma kowace tana ja na zuwa nata ɓangaren.

Abin da ya taɓa ni kai tsaye shi ne maganar kaset ɗin Baba, ta mutum huɗu da suka san wurin tsayuwarsu kafin mai ƙwallo ya ɗaga kai. Ni kowace shekara idan gasar makarantu ta matso, sai in bi ajujuwa ina zaɓen dogaye, in ajiye gajerun da suka yi wata shida suna zuwa fili ba fashi, in haɗa ƙungiya a mako biyu, sannan in yi ta mamakin yadda suke karo da juna a ƙarƙashin kwando. A bana ina da yara bakwai 'yan aji huɗu da suka fara tare tun suna aji ɗaya, babu dogo a cikinsu sai ɗaya, shi ma siriri ne kamar sillen kara, kuma da su zan shiga.

Baba, ina da ƙarin roƙo. Wannan matsin lamba da ka ce Angola takan fara tun daga ɓangaren abokan karawa, kowa mutuminsa yake bi, ko kuwa yanki-yanki suke rabawa su yi wa mai ƙwallo tarko a bakin layi? Kuma yaran da ba su wuce shekara 15 ba, waɗanda wasunsu da silifas suke zuwa fili, minti nawa za su iya riƙe irin wannan gudun kafin in sauya su?